Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Likitan Haƙori da Maganar Barin Taba?

Wasiƙu da dama da suka iso mana a wannan wata a kan taba suka yi magana, kuma galibinsu suna son sanin irin taimakon da mashayi zai samu a wurin likitan haƙori. Mun zaɓi biyar mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wani direba a Funtuwa

Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 44, kuma na fi shekara ashirin ina shan sigari saboda tuƙin dare. Kwanan baya turmina ya dame ni, na je asibiti a cire. Kafin likitan ya taɓa haƙorin sai ya shiga tambayata kara nawa nake sha a rana, da kuma yaushe nake kunna na farko bayan na tashi daga barci. Da ya gama cirewa ya ce kada in sha taba na kwana uku, ya ƙara da cewa in dawo mu yi maganar barinta gaba ɗaya. Gaskiya raina bai so ba, domin haƙori ya kawo ni. Shin wannan yana cikin aikinsa? Kuma in na koma, akwai abin da zai yi mini ban da nasiha?

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Yana cikin aikinsa sosai, kuma da ya cire haƙorin ya sallame ka ba tare da ya yi maka waɗannan tambayoyi ba, da ya tauye maka haƙƙi. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji, kuma kafin hayaƙin ya kai huhu sai ya bi ta leɓe da harshe da dasashi da ganɗa. Saboda haka baki ne wurin da ɓarnar taba take fara bayyana, likitan haƙori kuwa shi ne ma'aikacin lafiyar da yake haska fitila a wannan wuri yana duba shi lungu-lungu.

Maganar kwana uku tana da dalili. Idan aka cire haƙori, jini yakan daskare a cikin ramin, wannan daskararren jini shi ne yake rufe ƙashin muƙamuƙi har nama ya tsiro. Zuƙar sigari tana iya fizge shi, zafin hayaƙin yana lalata shi, sannan nikotin, sinadarin da yake cikin taba mai sa jiki ya saba da ita, yana tsuke ƙananan jijiyoyin da suke kawo jini wurin. In jinin ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, sai mutum ya ji wani azababben ciwo kwana biyu zuwa huɗu bayan cirewar, ciwon da yake harbawa har kunne, ga wari, ga ɗaci a baki. Wanda ya taɓa yinsa yakan ce ya fi ciwon haƙorin da ya kai shi asibiti, kuma mashaya sun fi kowa gamuwa da shi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne dalilin da ya sa haƙorin ya kai ga cirewa tun farko. Mutane da yawa sun ɗauka kogo ne kaɗai yake zubar da haƙori, alhali a wurin manya ciwon dasashi yana kan gaba. Dauɗa takan taru a gindin haƙori ta taurare, ƙwayoyin cuta su zauna a ciki, dasashi ya janye, ƙashin da yake riƙe da haƙorin ya riƙa zaizayewa a hankali har haƙori lafiyayye ya fara girgiɗi. Tun a 2004 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da cewa shan taba yana cikin abubuwan da suke haddasa wannan ciwo, kuma haɗarinsa ga mashayi ya kai kusan ninki biyu na wanda ba ya sha. Ko an wanke haƙoran an yi magani, dasashin mashayi ba ya karɓar magani kamar na wanda ba ya sha, haka kuma haƙorin da aka dasa a ƙashi ya fi saurin lalacewa a bakinsa. Likitan da yake son aikinsa ya ɗore dole ne ya taɓo maganar taba.

Tambayar da ya yi maka game da karan farko ita ce ma'aunin da ake gane yadda nikotin ya kama jiki. Wanda yake kunna sigari cikin rabin sa'a da farkawa, ko kuma yake shan kwali guda a rana, da wuya ƙarfin zuciya kaɗai ya fitar da shi, ya fi dacewa a haɗa masa da magani. Ka ga ke nan tambayar ta likita ce, daidai take da gwajin hawan jini.

In ka koma, ga abin da ya kamata ka samu. Zai ba ka madubi ya nuna maka bakinka: baƙin da ya kama bayan haƙoran ƙasa, wuraren da dasashi ya janye, da ganɗar da ta yi fari-fari da ɗigon ja saboda zafin hayaƙi. Gani ya kori ji, kuma a nan ne likitan haƙori ya fi sauran likitoci dama, domin babu mai iya ɗauko maka huhunka ka duba, amma bakinka kana ganinsa kullum. Daga nan sai ku tsayar da rana, wadda bai kamata ta wuce mako biyu ba, ku kuma zauna ku lissafa lokutan da hannunka yake kai wa aljihu: bayan cin abinci, a teburin mai shayi, a tasha yayin jiran lodi, da tsakar dare lokacin da barci yake fizgarka. Kowanne sai an nemo abin da zai maye gurbinsa. Asuwaki yana da amfani ƙwarai a nan, domin yana ba hannu da baki aikin yi, yana kuma tsaftace haƙori. Game da barcin tuƙi kuwa, ina roƙonka ka riƙa tsayawa kana runtsawa, domin sigari ba ya biyan bashin barci.

Akwai kuma magunguna. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan yadda za a taimaka wa manya su bar taba, inda ta amince da magungunan maye gurbin nikotin, wato filastar da ake manna wa fata da cingam da alewar tsotsawa, tare da ƙwayoyin varenicline da bupropion da cytisine. Masu maye gurbin nikotin suna ba jiki nikotin kaɗan ba tare da kwalta da gubar hayaƙi ba, ana kuma rage su a hankali cikin wata biyu zuwa uku. Cingam ɗin ba a taunarsa kamar na kanti: ana taunawa har a ji ɗan yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi a sake taunawa, kuma a guji shan kofi ko lemon kwalba minti 15 kafin a sa shi. Mai haƙoran roba ya fi kyau ya zaɓi alewar ko filastar, domin cingam yana manne musu. Ƙwayoyin kuwa sai likita ya rubuta, kada ka saye su a kemis da kanka, domin alal misali bupropion ba ya dacewa da mai farfaɗiya. Likitan haƙori zai iya rubuta wanda ya dace kuma ake samu a inda kake, ko ya tura ka wurin abokin aikinsa. Ka koma, Malam, ka kuma faɗa masa gaskiyar adadin da kake sha, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tambaya ta biyu, daga wani malamin makaranta a Azare

Likita, yau mako biyar ke nan da na bar sigari. Abin mamaki, lokacin da nake sha dasashina bai taɓa jini ba, amma yanzu duk sanda na goge baki sai na tofar da jini, ga kuma ƙananan gyambuna da suke fito mini a cikin leɓe. Abokaina na majalisa suna cewa barin tabar ne ya jawo, jikina ya riga ya saba. Na fara tunanin komawa.

Amsa

Malam, Allah ya ƙara maka ƙarfin gwiwa, kuma don Allah kada ka koma, domin ka riga ka ƙetare wuri mafi wuya. Ƙaiƙayin nikotin ya fi tsanani a makon farko, yakan kuma lafa cikin mako biyu zuwa huɗu.

Jinin da kake gani yana da bayani. Dasashin da yake da ciwo yakan yi ja, ya kumbura, ya yi jini in an taɓa shi, wannan ita ce alamar da take sa mutum ya nemi magani. Taba tana danne wannan alama saboda tana rage gudun jini a dasashi, sai ya yi fari-fari ya yi tauri, mai shi ya ɗauka lafiya lau yake, alhali ƙashi yana cinyewa a ƙarƙashi. Da ka bar sha, jini ya dawo yana gudana yadda ya kamata, ciwon da ya daɗe a ɓoye ya fito fili. Ciwon ya riga barin tabar, kuma yanzu ne magani zai fi kama shi.

Ka je a wanke maka haƙora a kankare dauɗar da ta taurare a ƙarƙashin dasashi, wadda burushi da asuwaki ba sa iya fitarwa, a kuma auna zurfin ramukan da suke tsakanin haƙori da dasashi. Kada ka daina goge wurin da yake jinin, ka ci gaba da gogewa a hankali safe da dare da burushi mai laushi, domin barin wurin yana ƙara ciwon. Idan kana da ciwon suga ka faɗa wa likitan, saboda shi da ciwon dasashi suna ƙara wa juna ƙarfi. Ƙananan gyambunan nan kuwa an san su ga waɗanda suka bar taba, sukan zo a makonnin farko su wuce. Kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri yana rage raɗaɗinsu. Amma duk gyambon da ya kai mako uku bai warke ba, a kai wa likita ya duba. Ina kuma ba ka shawara ka ɗan rage zaman majalisar a lokutan da ake busa hayaƙi, har ƙafarka ta kafu.

Tambaya ta uku, daga wata uwargida a Maraɗi

Likita, ina yi maka fatan alheri. Mahaifina dattijo ne, bai taɓa shan sigari ba, amma tun muna yara yake sa taba gari haɗe da kanwa a ƙarƙashin leɓensa. Watannin baya na lura da wani farin tabo a daidai wurin da yake ajiye tabar. Ya ce ba ya masa ciwo, don haka ba komai ba ne, kuma ita wannan tabar ba ta da hayaƙi, ba ta cutarwa. Ina jin nauyin matsa masa. Me zan yi?

Amsa

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika lura, wasiƙarki ce ta fi tsaya mini a rai a wannan wata. Ki yi ƙoƙari Baba ya ga likitan haƙori a cikin makon nan, kada a jira sai ya fara ciwo.

Tabar da ba a kunnawa ita ma tana ɗauke da sinadaran da suke haddasa ciwon daji, kuma tana zaune ne a wuri ɗaya tana jiƙa naman baki na tsawon sa'o'i. Kanwar da ake haɗawa tana sa nikotin ya fi saurin ratsa nama ya shiga jini, shi ya sa masu ita suke shan wuya wajen bari kamar masu sigari. A Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa, akwai irin wannan haɗi na taba da kanwa da ake kira tumbak, kuma bincike ya daɗe da danganta shi da kansar baki, musamman a daidai inda ake ajiye shi.

Farin tabon da ba ya gogewa in an sa auduga an shafa, likitoci suna ɗaukarsa da muhimmanci. Yawancin irinsa ba kansa ba ne, wasu ma sukan ɓace makonni kaɗan bayan an daina sa tabar, amma wani kaso yakan rikiɗe ya zama kansa, kuma ido kaɗai ba ya rarrabewa. Tabon da ya yi ja, ko ya haɗa fari da ja, ko ya yi tauri, ya fi haɗari. Rashin ciwo ba ya nuna lafiya, domin kansar baki a farkonta sau da yawa ba ta ciwo. A 2022 an ƙiyasta cewa kusan mutum 390,000 ne suka kamu da kansar leɓe da baki a duniya, kimanin 188,000 kuma suka rasu, kuma abin da ya fi raba mai tsira da mai rasuwa shi ne lokacin da aka gano ta. A ƙasashenmu mutane da yawa sai ƙari ya hana su cin abinci suke zuwa asibiti, bayan an ɓata watanni ana shafe-shafe da kurkure-kurkure a gida.

Duban ba shi da wahala, ba ya kuma ɗaukar lokaci. Likita zai ɗaga harshe ya duba gefensa da ƙarƙashinsa, ya duba cikin kumatu da leɓe, ya shafa wuya ko akwai kaluluwa. In ya ga dalili, zai sa allurar kashe zafi ya gutsuri ɗan nama kaɗan a kai ɗakin gwaji, ko ya tura ku babban asibiti inda ake yin hakan. Game da nauyin da kike ji, ba sai kin ce wa Baba ya bar tabar da bakinki ba. Ki roƙe shi ya je a duba tabon don hankalinki ya kwanta, ko ki nemi wani ƙaninsa ko amininsa da yake jin maganarsa ya raka shi. Dattijai sukan karɓi magana daga likita bayan sun ga abin a madubi, ko da sun ƙi karɓarta daga 'ya'yansu.

Tambaya ta huɗu, daga wani ɗalibi a Kano

Likita, ni ba na shan sigari, shisha kawai nake sha a ƙarshen mako. An ce ruwan da yake ciki yana tace gubar. Shin sai na faɗa wa likitan haƙori?

Amsa

Ƙanena, ka faɗa masa, domin shisha taba ce. Ruwan yana sanyaya hayaƙin ne kawai, sanyin da ƙanshin kuma su suke sa a zuƙa da zurfi a daɗe ana zuƙa. Tun a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zama ɗaya na kusan sa'a guda mutum yana iya shaƙar hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau 100 ko fiye, ga kuma gubar gawayin da ake ɗorawa a kai. An danganta ta da ciwon dasashi kamar sigari, kuma bututun da yake zagayawa daga baki zuwa baki hanya ce ta yaɗa cututtuka. Kai da kake sha a ƙarshen mako kaɗai, yanzu ne bari ya fi maka sauƙi, kafin jiki ya fara nema a tsakiyar mako.

Tambaya ta biyar, daga wata ma'aikaciyar sashen haƙori a Zariya

Likita, ban daɗe da fara aiki ba. Ina ganin alamun taba a bakin marasa lafiya, amma ina jin kunyar tambayar wanda ya haife ni, ga layi ya yi tsawo. Ta yaya zan yi ba tare da na ɓata wa kowa rai ba?

Amsa

Ƙanwata, wannan kunya da ke da ita mutane da yawa a cikinmu suna da ita, kuma a ganina ita ce babban giɓin da yake cikin aikinmu: muna wanke baƙin taba daga haƙora, mu sallami mutum, ya dawo bayan wata shida mu sake wankewa, ba wanda ya ce masa uffan. Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba a 2005, ta kuma yi dokarta a 2015 wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, amma doka ba ta iya zama da mashayi ta taimake shi ya bari. Wannan aikin namu ne, kuma bincike ya nuna cewa taimakon da ma'aikatan haƙori suke bayarwa yana ƙara yawan masu barin taba.

Maganin kunyar shi ne ki mai da tambayar ta kowa da kowa, ki jera ta tare da ta hawan jini da ciwon suga. Ki ce, “Baba, duk wanda ya zo muna tambayarsa, ana amfani da taba, ta sha ko ta leɓe ko ta shaƙa?” In ya san ba shi kaɗai aka ware ba, ba zai ji an ci masa fuska ba. Mata ma ki tambaye su a keɓe. Binciken da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna cewa kusan namiji 10 cikin 100 ne suke amfani da taba, mata kuwa kusan 1 cikin 100, amma macen da ba ta sha tana iya kwana a ɗaki ɗaya da hayaƙi, ita da 'ya'yanta. Mai juna biyu da take sha kuma ya kamata ta san cewa taba tana cikin abubuwan da suke sa a haifi jariri da tsagaggen leɓe.

In ya amsa da e, ki danganta shawarar da abin da ya kawo shi, cikin jimla ɗaya ko biyu: “Baba, waɗannan haƙoran da suka rage, barin taba ne zai fi riƙe su.” Sannan ki tambaye shi ko yana da niyyar gwadawa. Wanda ya ce a'a kada ki ja da shi, ki ce masa ƙofa a buɗe take, ki sake tambaya in ya dawo. Wanda ya ce e ku tsayar da rana. Watan Azumi dama ce babba, domin mai iya haƙuri daga alfijir zuwa faɗuwar rana ya riga ya nuna wa kansa cewa zai iya, abin da ya rage shi ne a tsara masa yadda zai wuce lokacin buɗa-baki da bayan tarawihi. Duk wannan ba ya wuce minti uku zuwa biyar. Wanda kika ga tabar ta haɗu masa da wasu ƙwayoyi ko da damuwa mai tsanani, ki haɗa shi da likitocin ƙwaƙwalwa, kamar na asibitin tarayya da yake Barnawa a Kaduna.

Ki rubuta amsarsa da ranar da ya tsayar a katinsa, ki kuma nemi izininsa a kira shi a waya cikin makon farko, domin a wannan mako ne aka fi komawa. In ya dawo ya ce ya zame, kada ki nuna masa ɓacin rai, domin yawancin waɗanda suka bar taba sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. Ki tambaye shi a ina ya kunna karan da ya mai da shi, da wa yake tare, sannan ku tsayar da sabuwar rana kafin ya tashi daga kujera.